Mista Tarpley a Barandar Uwa Ozella

Duk wanda ya taɓa sauke yaro da safe a makarantar tsakiya ta Tibbs Landing ya san Lucius Tarpley, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura da ke tsayawa inda bas-bas ke juye yara, kofin kofi a hannun hagu, hannun dama a sake saboda gaisuwa. Ba ya kiran yaro da sunansa tsurarsa. Sai ka ji, "Mista Gaines, an tashi lafiya?" ko "Mis Loftin, yau kin riga ƙararrawa, Allah ya maimaita mana." Yaron da aka tashe shi da tsawa, ya fito cikinsa wayam, sai ya iso ya ji an kira shi da sunan gidansu kamar wani alƙali. Daga nan malam ya shiga aji, ya nannaɗe hannun riga, ya ɗauki alli. An kafa masa allon lantarki shekarun baya, yana rataye kwat ɗinsa a gefensa. Da yamma kuma ba ya tayar da tsohuwar akori-kurarsa sai ya ga bas na ƙarshe ya ɗaga.

Juma'ar nan zai ajiye allin, bayan shekara talatin da ɗoriya yana koyar da lissafi. Za a yi masa liyafa a ɗakin cin abinci, a yanka kek, a miƙa masa agogo, wani ya tashi ya ce malami ne mai ƙwazo. Gaskiya ne, sai dai ta yi kaɗan. Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami ba a cikin makaranta ya yi shi ba.

Kusan kowace shekara sai an turo mana wani daga babban birnin jiha ya zo ya yi mana bayanin ratar da ke tsakanin 'ya'yanmu baƙaƙen fata da 'ya'yan fararen fata a jarrabawa. Na zauna a irin waɗannan tarurruka har kujerun sun san ni. Bayanin ba ya sauyawa: talaka bai damu da karatun ɗansa ba, gidajenmu babu littattafai, a sayo kwamfuta. An sayo. Ratar tana nan ta miƙe ƙafa. Mista Tarpley bai taɓa yin musu da kowa a taro ba. Shi ƙaramar tambaya ya yi wa kansa: yaran nan da suka shigo aji ɗaya tare, a wace ƙofa suke rabuwa?

A ƙofar aji takwas ne. A nan ake raba lissafi ɗaki biyu. Ɗakin sama ana koyar da aljabara, kuma wanda ya bi ta nan hanyar kimiyya da jami'a ta buɗe masa. Ɗakin ƙasa ana maimaita abin da aka yi bara har yaro ya gaji ya tsani lamba. Hanyar shiga ɗakin sama biyu ce: ko malamin aji bakwai ya zaɓe ka, ko wani naka ya tako da ƙafarsa kafin a rufe zangon bazara ya ce a sa ka. Matan likitoci da na masu gonakin auduga sun san hanya ta biyu kamar yadda suka san hanyar kasuwa. Mu kuwa an raine mu a kan cewa malami ya san aikinsa, kuma mai mutunci ba ya zuwa makaranta sai an kira shi. In an kira ka kuwa, to ɗanka ya yi abin kunya. Girmamawa ce muke yi, aka rubuta mana ita a matsayin halin ko-in-kula.

Da ya gane haka, sai ya daina jiran ɗalibai a bakin aji. Ranar Asabar yakan zaga gari: shagon aski, filin ƙwallo, wajen suyar kifi ta coci. A irin wannan yawon ne, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ya tsaya bayan shagon facin Buster Hollins, inda dattawa ke buga domino a ƙarƙashin bishiya tun kafin a sa wa titin kwalta. Wasa ne na mutum huɗu, ana raba 'ya'yan domino duka, kowane ɗa da lamba biyu a fuskarsa, kowa ya ɓoye nasa, wanda ba shi da abin ajiyewa ya ƙwanƙwasa tebur. Ran nan an kira ɗaya daga cikinsu duba taya, sai wata yarinya 'yar shekara goma sha uku da ta kawo musu farantan soyayyar tarwaɗa ta zauna riƙe masa wuri. Sunanta Lakendra Crump. Da wasa ya yi nisa, sai ta dubi mai shagon.

"Kawu Buster, ajiye mai biyar da ukun nan ka huta. Kowa ya san tana hannunka."

"Ji mini 'yar nan. Leƙe kika koya a coci?"

"Masu biyar guda bakwai ne. Shida suna ƙasa. Da aka nemi biyar, waɗannan biyun ƙwanƙwasawa suka yi. Wa ya rage?"

Buster ya buga ta a tebur har gwangwanayen lemo suka yi tsalle, ya ce daga yau a riƙa aiko masa da kifi ta hannun wani yaron, wannan ba ta da tarbiyya. Dattawa suka yi ta yi masa dariya. Mista Tarpley bai yi dariya ba. Abin da yake shafe zango guda yana ƙoƙarin cusa wa yara, wato gano abin da ke ɓoye daga abin da ke fili, shi ne yarinyar nan ta yi da hannu mai maiƙon kifi.

Ranar Litinin ya bincika, ya tarar an ware ta ɗakin ƙasa. Ba mugunta ba ce. Malamarta tana da yara fiye da ƙima, Lakendra kuwa ba ta ɗaga hannu, kuma takan makara don ita ke shirya ƙannenta. Yarinya mai shiru a aji mai hayaniya ba a ganin ta. Zaɓen malamai ya riga ya wuce, saura 'yan makonni a rufe. Mutum ɗaya ke iya buɗe mata ƙofa, kakarta Ozella Crump, wadda ke riƙon su tun da uwarsu ta tafi aiki Memphis.

Da ya kira yarinyar ya faɗa mata, maimakon murna sai idonta ya raina fata. Ta roƙe shi don Allah kada ya gaya wa Mama Babba, wato kakar tata, inda ya gan ta. Uwa Ozella ita ce babba a bencin iyaye mata na cocin Baftis, masu sa fararen kaya su zauna a gaba, waɗanda ko fasto yakan saci kallonsu kafin ya ƙara tsawon wa'azi. A bakinta domino ƙasusuwan Shaiɗan ne. Ya yi wa yarinyar alkawari. Sai da ya shiga mota ya lura ya sarayar da hujja ɗaya tak da yake da ita.

Lahadi bayan coci ya je. Kowa ya san ƙa'idar baranda: ka tsaya a ƙasan matakala, hula a hannu, sai an ce ka hau. In ka hau ma ba ka faɗin abin da ya kawo ka sai an ba ka shayi mai sanyi, an tambaye ka mutanen gida har da waɗanda suka mutu. Ranar farko ba a ce ya hau ba. Uwa Ozella ta dube shi daga kan lilo ta ce, "Me ta yi?" Ya ce ba ta yi komai ba, alheri ne ya kawo shi. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin malami ya ƙona fetur saboda alheri ba. Ya yi bayanin ɗakin sama yana tsaye cikin rana, ta saurara har ƙarshe, ta ce yarinyar tana nan lafiya inda aka ajiye ta, a gai da gida.

Da wani ne da ya koma gida ya ce, kun gani ko, ba su damu ba. Shi ya koma Lahadin gaba. Aka bar shi ya zauna a matakala, aka yi hirar mahaifiyarsa Hattie da ciwon gwiwarta, ba a taɓo makaranta ba. Sai a Lahadin ƙarshe kafin a rufe aka ce, "Hawo, Farfesa, kada rana ta narkar mini da kai a tsakar gida." Haka tsofaffinmu ke kiran malami namiji, ko a aji ɗaya yake koyarwa.

Ta zuba masa shayi, ta bari ya sha, sannan ta tambaye shi yadda aka yi ya san kan yarinyar da bai taɓa koyar da ita ba. Ya ce ya ga yadda take tunani. Ta ce a ina. Ya ƙara kurɓar shayi, ya yaba daɗinsa.

"Ɗan Hattie," in ji ta, "kada ka zauna a barandata ranar Ubangiji kana kewaye-kewaye. Yarinyar da na aika da kifi ta dawo tana warin taya da taba, kana tsammanin ban san inda ta zauna ba? Kafin Yesu ya same ni, babu namijin da ya taɓa tashi daga teburina na domino yana murmushi a gundumar nan. Je ka tambayi Buster wa ya koya wa ubansa kunya. Kan da ke wuyan yarinyar nan nawa ne. Ba sai ka gaya mini tana iyawa ba."

Ya ajiye kofin. Ya ce to in haka ne, me ya hana?

Tana kaɗa lilo ta ba shi labarin ɗanta Wendell. Shekarar da kotu ta haɗe makarantun baƙaƙe da na farare, Wendell ne ya fi kowa lissafi a tsohuwar makarantarmu, sai aka sa shi a ɗakin sama, shi kaɗai. Ita ta goge masa riga, ita ta raka shi har ƙofa, tana ji kamar ta yi guɗa. Aka ba shi kujerar ƙarshe. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Yakan ɗaga hannu, a kira na gabansa, a kira na gefensa. Kafin bikin Ista ya daina ɗagawa. Shekara ta zagayo ya ce ba zai koma ba, kuma bai koma ba. Yana can Chicago yana lodin kaya, mutum mai hankali wanda ba ya son a yi masa tambaya.

"Ba don ban san darajar karatu ba nake hana ta," ta ce. "Na san abin da ɗakin nan ya ci mini. Na ba shi ɗa guda, ba zan ƙara masa da jika ba."

A nan ne na fi jinjina masa. Da wani ne sai ya ce, ai Uwa, zamani ya sauya. Da ya faɗi haka da ya sauka daga barandar nan bai ƙara hawa ba, domin a lokacin baƙaƙen fuskokin da ke ɗakin sama ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, a garin da mu ne fiye da rabi, kuma ta sani. Abin da ya ce kawai shi ne yanzu shi ke koyarwa a ɗakin.

"Kai mutum ɗaya ne, idonka biyu. In ka juya kana rubutu a allo fa, wa za ta kalla?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce tana da gaskiya, yaro ɗaya ba ya isa. Ya ce akwai wasu da ya gani a yawonsa: jikan Dikin Pruitt dattijon coci, yaro mai auna katako ba tare da awo ba, 'yan biyun Velma Sims, ɗan ƙanwar Buster, da wasu. Duk an ware su ƙasa, duk ya je gidajensu, duk an karɓe shi da mutunci an sallame shi da mutunci.

"Ni ba za su biyo ni makaranta ba, Uwa. Ni malami ne, in na kira su, kira ne. Ke za su biyo."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta shiga ciki ta naɗo masa yankan kek ɗin dankali ta ce ya kai wa matarsa, ta lura ta rame. Ya tafi gida bai san matsayinsa ba. Matarsa ta ce mini a wancan makon ko abinci bai ci na kirki ba.

Abin da ya faru ranar rufewa daga bakin Corinne Maddox na ji shi, wadda ke sakatariya a ofishin makaranta a lokacin, kuma har yau in tana ba da labarin sai ta miƙe tsaye. Ta ce tana buga takarda ta ɗaga kai ta ga fari ya cika ƙofa. Uwa Ozella ce a gaba, farar riga, farar hula, safar hannu, jaka a maƙale. Bayanta iyaye mata na benci, da Velma Sims da kayan aikin asibiti, da Dikin Pruitt da sandarsa, can baya kuma Buster Hollins da baƙin mai har gwiwar hannu, yana ta murza hula kamar wanda aka kamo. Shugaban makaranta ya fito da sauri, a zatonsa rasuwa aka yi ko faɗa. Ya tambaya wa ya kira su.

"Ba a kira mu ba," in ji Uwa Ozella. "Zuwa muka yi. Mun zo a sa mana yaranmu a ɗakin sama."

Ya ce kujerun ɗakin ba za su isa ba. Ta ce akwai kujeru a coci, Buster yana da mota. A yi wa mutumin adalci, bai ja ba. Ƙa'ida ce ta ce wani naka ya zo, ga su sun zo. Yara tara suka shiga a shekarar, Lakendra a cikinsu.

Da aka koma makaranta, Mista Tarpley ya shiga aji ya tarar da Uwa Ozella zaune a layin baya, jaka a cinya. Bai tambaye ta dalili ba. Ya gaishe ta, ya fara darasi. Ta zo washegari, ta zo jibi. Ba ta kallon allo, hannuwan yara take kallo, da wanda aka kira da wanda aka tsallake. Wata safiya ya shigo ya ga kujerar babu kowa. Ba ta aiko da saƙo ba, shi ma bai je ya tambaya ba. Ya ce mini a duk jarrabawar da ya taɓa ci, wannan ce yake alfahari da ita.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya zama zuma ba. Gwajin farko Lakendra ta faɗi warwas, ta yi kuka, ta ce domino ya fi mutunci don shi ba ya sa haruffa a cikin lamba. Sai da aka kusa Kirsimeti ta miƙe. Cikin taran nan biyu sun koma ɗakin ƙasa, ɗaya ma hanyarsa ta karkace daga baya, kuma malam bai daina kai masa ziyara inda yake tsare ba. Amma sauran sun wuce. Lakendra Crump yau injiniya ce, tana cikin masu duba ganuwar da ke tare mana kogi. Duk damina in ruwa ya taso kuka kwana a gidajenku ba a kan rufi ba, akwai hannunta a ciki. Kakarta ta ga ranar da ta karɓi digiri kafin Allah ya ɗauke ta.

Abin bai tsaya a kan tara ba. Tun daga shekarar, duk bazara sai bencin iyaye mata na coci-coci sun sa fari sun nufi makaranta. Da mutanen Guatemala suka zo aiki a kamfanin yankan kaji, malam ya sake zama ɗalibi. Gidajensu babu baranda, a kicin ake zama, kuma ba a cewa an ƙoshi. Ya ci barkonon da ya sa shi hawaye, ya koyi gaisuwarsu da karyayyen harshe har yara na riƙe ciki, ya gano cewa su a filin ƙwallon Lahadi ake samun iyaye maza. Ratar ba ta rufe ba, duk wanda ya ce muku ta rufe yana neman ƙuri'a ne. Amma ku leƙa ɗakin sama yau: ya yi kama da garin da ke kewaye da shi. An ce wani rahoto ya danganta haka da sabon tsarin kwamfuta. To, madalla. Ni dai ban taɓa ganin kwamfuta ta tsaya cikin rana da hula a hannu ba.

Lucius ɗan Hattie, kai ne ka ƙi yarda cewa shirun iyaye rashin so ne. Kai ne ka saurari tsoron da ke zuciyar tsohuwa ka girmama shi, ba ka kira shi jahilci ba, domin ka san tsoron da ke da suna da ranar haihuwa ba a korar sa da jawabi. Kai ne ka san iyakar ƙarfinka, ka miƙa ragamar ga wadda mutane za su bi, ka koma gefe ba ka nemi a ambace ka ba. Sarkin matakala, mai haƙurin jiran a ce hawo. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka gwiwoyinka, ya sa kifin kogin nan su yi maka biyayya fiye da 'yan aji takwas.

An ce wata matashiya ce daga arewacin ƙasar nan za ta gaje shi, mai takardu masu kyau. Ina yi mata maraba. Wani a cikinmu ya ɗauke ta a mota wata Lahadi ya nuna mata gari, ya gaya mata inda ake tsayawa da lokacin da ake magana, kada mu bar ta ta koya da tuntuɓe sannan mu ce ba ta da ladabi. Malaman da suka rage kuma, ku tuna makaranta ba ta ƙare a bakin shinge ba.

Ku kuma iyaye da kakanni, da ku nake. Watan gobe za a sake raba 'yan aji bakwai ɗaki biyu. Uwa Ozella tana kabari, Mista Tarpley zai kasance a bakin kogi da ƙugiyarsa. Duk mai yaro a ajin nan ya wanke rigarsa, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa, ku tafi tare. Babu wanda zai kira ku.